Muhawara: A bar fayilolin tsofaffin gem a matse, ko a warware su kafin a kunna a emuleta?

Nura Gem:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da kullum sai an tayar da ita, ana yi mata amsa guntu-guntu, gara a zauna a kanta sau ɗaya a tsefe ta. Wasu sun tsaya kai da fata cewa duk fayil ɗin gem da aka bari a matse yana cin gudun emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon na'urar gem ɗin, don haka a warware komai kafin a kunna. Wasu kuma sun ce in aka bi wannan, kati ba zai ɗauki rabin abin da ake so ba. Mu ɗauki misali: katin memori mai GB 128, za a zuba masa NES, Sega, GBA, PS1, PSP da ɗan PS2, a kunna a waya ko a ƙaramar na'urar hannu. Wanne za a matse, wanne za a bari, kuma da wane irin matsi? Masana a taimaka da dalili, ba "haka na ji ana faɗa" ba.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Nura. Kafin a ce e ko a'a sai an raba gem ɗin gida biyu, domin ba hanya ɗaya emuleta ke karanta su ba.

Gida na farko, waɗanda asalinsu kaset ne da ake soka wa na'ura: NES, SNES, Mega Drive, Game Boy, GBA, N64. Waɗannan ƙanana ne ƙwarai. Super Mario Bros. na 1985 KB 40 ne kacal. Mafi girman kaset ɗin SNES da aka sayar MB 6 ne, na GBA MB 32, na N64 MB 64. Emuleta yakan kwashe fayil ɗin gaba ɗaya ya zuba a RAM tun lokacin buɗewa, daga nan ba ya sake waiwayar kati sai in zai rubuta ajiyar wasa. Ke nan in fayil ɗin zip ne, sau ɗaya ake warware shi, a farko, cikin ƙiftawar ido. Bayan an shiga wasa, abin da ke cikin RAM iri ɗaya ne sak, ko daga zip ya fito ko daga fayil tsirara. Babu ta yadda zip zai rage maka hoto ko guda ɗaya a cikin sakan. Wanda GBA ke yi masa nauyi a waya, ya nemi laifin a wani wurin.

Gida na biyu, waɗanda asalinsu faifai ne: PS1, Saturn, Dreamcast, PS2, PSP, GameCube, Wii. Faifan CD yana kaiwa MB 700, UMD na PSP GB 1.8, DVD na PS2 GB 4.7, mai hawa biyu kuma GB 8.5. Su ba a zuba su a RAM gaba ɗaya. Ana cikin wasa emuleta yana ta ɗebo abin da ake buƙata: yanzu taswirar gari, an jima muryar ɗan wasa, can kuma bidiyo. A nan ne irin matsin ke da tasiri, kuma a nan ne rigimar take.

Sani Mai Gyara:
Malam Habu, na yarda zip ba ya rage gudun gem ɗin kaset, amma ina da ƙari: a ƙananan cikinsu ba ya ma ceto wuri. Katin da ya haura GB 32 yawanci tsarin fomat ɗinsa exFAT ne, kuma in Windows ce ta yi masa fomat ba a taɓa komai ba, tana yanka shi gida-gida na KB 128. Kowane fayil sai ya ci gida guda cif, komai ƙanƙantarsa. Gem ɗin KB 40 zai ci KB 128. Ka matse shi ya koma KB 30, har yanzu KB 128 zai ci. Ribar zip tana fara fitowa ne daga SNES da Mega Drive zuwa sama, ta fi bayyana a GBA da N64, musamman kaset ɗin da ƙarshensa fanko ne aka cike da sifili ko makamancinsa.

Abin da za a guje wa shi ne fayil ɗin 7z guda ɗaya da aka cusa wa gem ɗari ko dubu. 7z yakan haɗe fayilolin ciki ya matse su kamar abu ɗaya, shi ya sa yake ƙanƙancewa sosai. To amma in kana son na saba'in a jere, sai an bi ta kan sittin da taran da suka gabace shi a ƙullin. A ƙaramar na'ura wannan jiran yana da tsawo. Dokar mai sauƙi ce: gem ɗaya, zip ɗaya.

Injiniya Rabi:
A ƙara wannan tun kafin a yi nisa, domin masu "a warware komai" a nan suke yin ɓarna. Gem ɗin akeid na emuletocin MAME da FinalBurn Neo, har da Neo Geo, ba a warware su, ba a kuma canza musu suna. Emuleta da sunan zip ɗin yake gane gem, sannan ya duba kowane ƙaramin fayil na ciki da lambar tantancewarsa. Fayil ɗin neogeo.zip shi ma a bar shi yadda yake, a ajiye shi inda emuleta ke nema. In gem ya ƙi tashi, galibi ba matsi ba ne: ko dai tarin fayilolin na wani zubin MAME ne dabam da wanda kake amfani da shi, ko kuma gem ɗin reshe ne da ke buƙatar zip ɗin uwarsa a kusa da shi.

Nura Gem:
Madalla. Na kaset an gama ke nan. To faifai fa, Malam Habu? Me ya sa PS1 a cikin zip yake daɗewa bai buɗe ba?

Malam Habu:
Saboda zip da 7z da rar an yi su ne don ajiya da aikawa, ba don a riƙa tsinto abu daga tsakiyarsu ba. Kamar buhun da aka ɗinke ne: in kana son abin da ke ƙasa, sai ka zazzage na sama. Emuletan faifai kuwa so yake ya ce "ba ni sashe na dubu ɗari biyu" a miƙo masa nan take.

Shi ya sa abu biyu ke faruwa. Wasu emuletoci ba sa ma ganin zip ɗin, kamar PCSX2 na PS2 da Dolphin na GameCube da Wii. PPSSPP na PSP in ka nuna masa zip yakan nemi ya warware shi tukuna ya ajiye. RetroArch kuma, manhajar da ke haɗa injinan emuleta da yawa wuri ɗaya, ga injinan da ke buƙatar fayil a ƙasa, yakan warware gem ɗin zuwa wata folda ta wucin gadi a duk lokacin da ka kunna. Wato kowane buɗewa sai an rubuta MB 500 ko 600 a kan kati. Kati mai aji 10 alkawarinsa rubuta MB 10 ne a sakan, ka ga jiran na iya kusan minti guda. Ga cin batir, ga kuma dole a sami fili a katin, in babu gem ɗin ya ƙi tashi ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba.

Maganin shi ne matsin da aka ƙera don wannan aikin: CHD, CSO, ZSO, RVZ, PBP. Duk dabararsu ɗaya. A yanka faifan ƙananan ƙulli, a matse kowane ƙulli shi kaɗai, a ajiye jadawalin inda kowanne yake. In emuleta ya nemi wani sashe, a duba jadawali, a warware ƙullin da ke ɗauke da shi kawai.

Baban Khalifa:
Ni dai ban gamsu ba, Malam. Ko ƙulli ɗaya ne ai aiki ne, kuma ƙwaƙwalwar wayar da ke fama da PS2 ba ta da ragowar ƙarfin da za a ɗora mata wani kaya. ISO tsirara, wato kwafin faifai da ba a matse ba, ba ya buƙatar komai, a karanta a wuce. Kati ya yi araha idan aka kwatanta da waya mai ƙarfi. Wanda ke son gudu ya bar ISO ɗinsa, ya rage yawan gem. Gem goma masu tafiya sumul sun fi talatin masu cijewa.

Injiniya Rabi:
Baban Khalifa, a sa lissafi a maganar. Na'urar karanta faifai ta PS1 ninki biyu take gudu, wato kusan KB 300 a sakan. Duk gem ɗin PS1 an rubuta shi ne da sanin ba zai sami fiye da haka ba. CHD na CD kowane ƙulli sashe 8 ne, bayit 19,584. Faifai mai ninki biyu yana ba da sashe 150 a sakan, ka raba da 8, ƙulli 19 ke nan a sakan in ana karatu ba tsayawa. Wayar da za ta iya ɗaukar emuleta ba za ta ji wannan a jikinta ba.

PS2 kuma DVD ɗinta ninki huɗu ne a ƙarshen gudunta, MB 5 da ɗoriya a sakan, kuma ba kullum gem ke karatu ba. Matsi irin deflate ko zstd waya tana warware shi da gudun da ya ninka wannan sau da yawa. Sannan wayoyin yanzu ƙwaƙwalwarsu kai takwas gare ta, emuletan PS2 kuwa kaɗan daga ciki yake matsa wa lamba. Abin da ke sa PS2 nauyi kwaikwayon ƙwaƙwalwarta ne da zana hoto, musamman in an ɗaga girman hoton ninki biyu ko uku.

Akwai ma inda matsi ke taimako. In katin ne mai jan ƙafa, fayil ɗin da ya ragu da kashi ɗaya cikin uku yana nufin abin da za a ɗebo daga katin ya ragu da hakan.

Baban Khalifa:
Injiniya, lissafinki na wayoyi ne masu kai takwas. Ƙaramar na'urar hannu irin Miyoo Mini fa? Kai biyu ne na Cortex-A7, RAM ɗinta MB 128. Kuma tarihi yana nan: a kan PSP ta gaske, wadda iyakar gudunta MHz 333, an san GTA na Liberty City Stories da Vice City Stories da cijewa in CSO ne, gine-gine da tituna su makara ba su bayyana ba, a mayar ISO ya gyaru. Irin gem ɗin da ke ɗebo gari yana tafe ba ya jure jinkiri ko kaɗan.

Injiniya Rabi:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ka lura da abin da misalinka ya nuna: na'ura mai rauni, da gem mai karatu ba hutu. In biyun suka haɗu a bar ISO. Gem nawa ne haka a cikin tarin mutum? 'Yan tsiraru. Ba a hana talatin matsi saboda biyu.

Kuma CHD suna ne na akwati, ba na matsin ciki ba. In ba ka zaɓa ba, chdman, manhajar da ake yin CHD da ita, yakan gwada iri uku a kowane ƙullin CD ya ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta: cdlz wato LZMA, cdzl wato deflate, da cdfl wato FLAC na sauti. LZMA shi ya fi matsewa, shi ya kuma fi nauyin warwarewa. Ga na'ura mai rauni sai a cire shi:

chdman createcd -i "gem.cue" -o "gem.chd" -c cdzl,cdfl

Fayil ɗin zai ɗan fi girma, warwarewar ta yi sauƙi. Sababbin chdman suna da zstd ma, cdzs ga CD, wanda ya fi duka dacewa da wannan aikin. Sai dai a kula: emuletan da aka daina sabunta shi kafin zuwan zstd ba zai buɗe fayil ɗin ba. AetherSX2, emuletan PS2 na Android, tun Janairun 2023 mai shi ya ajiye aikin, kuma manhajojin ƙananan na'urorin hannu da yawa suna ɗauke da tsofaffin injina. A gwada gem ɗaya tukuna kafin a juya ɗari.

Ummi Tech:
Don Allah a jero matakan juya PS1 zuwa CHD daga farko, da wuraren da ake tuntuɓe. Da yawa a nan suke makalewa.

Malam Habu:
To Ummi, ga su. Da farko a samo chdman. Yana cikin kunshin MAME na Windows, fayil ne guda mai suna chdman.exe, a kwafo shi zuwa foldar gem ɗin. Wanda ba ya son buga umarni ya nemi namDHC, fuska ce kawai da aka yi wa chdman ɗin.

Gem ɗin PS1 yakan zo da fayil ɗin cue ɗaya da bin ɗaya ko da yawa. Kullum cue ake nuna wa chdman, ba bin ba. Cue ɗan rubutu ne da ke faɗin inda kowane layin faifai ya fara da irinsa, bayanai ne ko sauti. In ka buɗe shi da Notepad za ka ga sunayen bin a ciki. Tuntuɓe na farko ke nan: an canza wa bin suna ba a gyara cikin cue ba, sai chdman ya ce bai ga fayil ba. A Linux da Android har babban baƙi da ƙarami sai sun dace.

Don juya folda gaba ɗaya, a buɗe Command Prompt a cikinta a buga:

for %i in (*.cue) do chdman createcd -i "%i" -o "%~ni.chd"

In a fayil ɗin bat za a sa, kowane % ya zama %%.

Tuntuɓe na biyu: gem ɗin da aka kwafe shi a matsayin ISO ko bin guda ba cue. Wasu gem ɗin PS1 kiɗansu layukan sauti ne na CD zalla, kusan MB 10 kowane minti. ISO ba ya ɗaukar waɗannan layukan. Gem zai tashi, kiɗa babu, kuma juya shi CHD ba zai dawo da abin da ba a kwaso ba. Sai an sake kwafe faifan da ImgBurn a matsayin bin da cue.

Na uku: wasu faifan Turai suna da kariyar LibCrypt, suna buƙatar ɗan fayil mai ƙarewa da sbi. A ajiye shi kusa da CHD ɗin da suna iri ɗaya sak. In babu shi gem ɗin na iya tashi lafiya ya je ya sandare a tsakiya, mutum ya ɗora wa CHD laifi.

Na huɗu: mai faifai da yawa, kamar Final Fantasy VII mai uku. Kowane faifai CHD ɗinsa. Sai a buɗe fayil ɗin rubutu, a jera sunayen ukun layi-layi, a ajiye shi da ƙarshen m3u. Shi ake kunnawa, ta haka sauya faifai da ajiyar wasa ke tafiya tare.

Kafin a goge bin da cue a buga chdman verify -i "gem.chd". In wuta ta ɗauke ana tsakiyar juyawa, guntun fayil zai rage mai suna daidai da cikakke, ido ba zai bambance ba.

Sani Mai Gyara:
Ƙari kan suna: RetroArch da sunan fayil ɗin gem yake raɗa wa ajiyar wasa suna. In gem.cue ya koma gem.chd, ajiyar srm tana nan daram. In ka sake masa suna wajen juyawa, zai buɗe kamar ba a taɓa buga shi ba. Ajiyar ba ta ɓata ba, sunanta za a daidaita da sabon.

Wata ribar CHD da ba ta shafi wuri ba: gem mai bin talatin ya koma fayil ɗaya. Tun daga Android 11 shiga folda ya ƙara nauyi ga manhajoji, duk yadda fayiloli suka ragu, binciken jerin gem ya fi sauri.

Nura Gem:
PSP fa? Ita ce aka fi bugawa a wayoyinmu. CSO ko CHD?

Injiniya Rabi:
Duka biyun PPSSPP yana karantawa, CHD tun daga zubi na 1.17. CSO ya fi daɗewa, ƙullinsa bayit 2048 ne, sashe ɗaya cif, matsinsa deflate, kuma maxcso ke yin sa da kyau. A waya ta yau bambancinsa da ISO da wuya a gan shi.

In CHD ake so, kuskuren da ya yi yawa shi ne amfani da createcd. UMD ba CD ba ne. Createcd zai ɗaure sashe takwas-takwas, duk sanda gem ya nemi ɗaya sai an warware takwas. Umarnin da ya dace:

chdman createdvd -i "gem.iso" -o "gem.chd" -hs 2048

Createdvd sai a chdman na MAME 0.255 zuwa sama, na 2023. Haka PS2: faifan DVD a yi masa createdvd daga ISO, faifan CD mai shuɗin ciki kuma createcd daga cue.

Akwai zaɓi a PPSSPP mai suna "Cache full ISO in RAM", DuckStation na PS1 ma yana da irinsa na loda faifan gaba ɗaya a RAM. Yana kashe duk wata matsalar jinkirin kati, amma buɗewa zai daɗe, kuma a waya mai RAM GB 3 ko 4 gem ɗin GB 1.5 na iya sa Android ta rufe emuletan. Ga PS1 a kwamfuta zaɓi ne mai kyau.

Ummi Tech:
Tunda an zo PSP, a ja kunne kan fayilolin nan da ake tallatawa da cewa an matse su matuƙa, gem ɗin GB 1 ya koma MB 150. Bidiyo da sautin gem ɗin PSP an riga an matse su tun daga kamfani, babu manhajar da za ta sake rage su haka. In ka ga irin wannan raguwar, cire abubuwa aka yi: bidiyon labari, muryoyi, kiɗa, wasu harsuna. Shi ya sa gem ke zuwa wani mataki ya tsaya a baƙin allo, yana neman fayil ɗin da aka yanke. Wannan yanka ne, ba matsi ba, kuma shi ya ɓata wa matsi suna a wurin mutane da yawa. Wasu ma a cikinsu ake cusa apk da ba a san aikinsa ba. Wanda ke da faifansa ya kwafa da kansa ya huta.

Malam Habu:
Haka ne. GameCube da Wii kuma nasu labarin dabam ne, kuma a nan barin ISO asara ce tsagwaronta. Kowane faifan GameCube girmansa ɗaya, GB 1.46, wanda Windows ke nunawa 1.35, ko da gem ɗin ciki ɗan mitsitsi ne. Sauran wurin an cike shi da tarkacen lambobi masu kama da na kan-mai-uwa-da-wabi, kuma irin wannan zip ba ya iya matse shi. Na Wii kuma an kulle bayanansa da sirri, kullallen bayani shi ma ba ya matsuwa.

Masu Dolphin suka fito da RVZ a 2020 don wannan. Sun gano tarkacen da lissafi ake haifar da shi, sai RVZ ya ajiye irin da aka shuka kawai, ya sake haifar da tarkacen in an nema. Na Wii kuma ya ajiye shi a buɗe ya matse, ya mayar da kullen lokacin karatu. Animal Crossing na GameCube ta wannan hanyar bai kai MB 50 ba. Kuma ba a rasa ko bayit ɗaya, ana iya mayar da shi ISO na asali.

Yadda ake yi: a danna dama a kan gem a jerin Dolphin, a zaɓi "Convert File", a ɗauki RVZ. Abin da ya zo da shi, ƙulli KB 128 da Zstandard mataki na 5, a bar shi haka. Ɗaga matakin yana ƙara lokacin juyawa ne, karatun bai cika canzawa ba. Amma zaɓar LZMA ko ƙara girman ƙulli yana ƙara nauyin karatu, kada a yi wa waya haka. Tsarin rage girma na NKit kuma a guje shi, Dolphin da kansa yana gargaɗi a kansa.

Baban Khalifa:
Na sauko a kan RVZ da PS1. Amma a faɗa wa masu gidajen gem kada su ɗauki wannan su kai kan PS2 ta gaske. OPL, manhajar da ke kunna gem a PS2 ba tare da faifai ba, ba ya karanta CHD, Wii ta gaske ba ta san RVZ ba, WBFS take ci. Kuma filashin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai GB 4, shi ya sa ake yanka manyan ISO da USBUtil.

Sani Mai Gyara:
Ƙwarai kuwa. Sababbin OPL na jerin 1.2.0 suna karanta exFAT, yankan ya zama ba dole ba, suna kuma karanta ZSO. ZSO ɗan'uwan CSO ne, amma da LZ4 ake matse shi, wanda ba ya rage girma sosai sai dai warware shi kamar ba a yi ba. An zaɓe shi ne saboda PS2 ba ta da ƙarfin da za ta ba wa matsi mai nauyi. Cijewar bidiyo a filashi kuwa daga ramin USB ɗin take: na PS2 USB 1.1 ne, megabit 12 a sakan, wato bai wuce MB 1.5 ba ko a takarda, alhali faifai yana ba da ninkin haka sau uku ko fiye. ISO tsirara ma zai cije a nan. Hadis (hard disk) na ciki a babbar PS2, ko igiyar netwok, su ne maganin.

Ummi Tech:
Wani dalilin riƙe asali: faci. Fassarar gem ko gyaran da ake rabawa a xdelta ko PPF an yi shi ne a kan bin ko ISO na asali, bayit da bayit. Ba a liƙa shi a kan CHD. Sai a warware da chdman extractcd, a liƙa, a sake matsewa. A kula, extractcd yakan fitar da bin guda ɗaya, in facin na tsarin bin da yawa ne sai an raba layukan kafin lambar tantancewa ta dace. CHD da RVZ suna komawa asali ba asara. WBFS da ISO ɗin da aka share wa tarkace ba sa komawa da kansu, kada a mayar da su kwafin ajiya.

Kuma kwafin ajiya kada ya zama 7z ƙato guda. In wuri ɗaya ya lalace a tsakiyar ƙullinsa, duk abin da ke bayan wurin ya tafi.

Nura Gem:
Saura abu ɗaya. Mutum yana da CHD, gem yana cijewa. Ta yaya zai tabbatar matsin ne ko ba shi ba?

Injiniya Rabi:
A kunna ma'aunin gudu na emuletan, wanda ke nuna kashi cikin ɗari. A ajiye gem ɗin iri biyu, ISO da CHD, a buga wuri ɗaya a kowanne, wayar tana da sanyi a duka gwajin.

In gudun ya zauna a kashi 70 ko 80 a duka biyun, ƙwaƙwalwa ce ko zanen hoto, a rage girman hoton zuwa na asali. In ya fara da 100 sai bayan minti goma ko sha biyar ya riƙa sauka, zafi ne, wayar ke rage wa kanta gudu, a cire mata riga, kada kuma a buga tana caji, balle a zafin bazara. In ɗan tsayawa ne na ƙiftawa a karon farko da wani haske ko fashewa ya bayyana, a karo na biyu babu, wannan shirya zane ne da emuleta ke yi, sananne ne a Dolphin da PCSX2, ba ruwan fayil.

Alamar fayil ita ce tsayawa daidai lokacin shiga sabon wuri, ko farkon kiɗa, ko tsakiyar bidiyo. In an ga haka, a kwafe CHD ɗin daga kati zuwa memorin cikin waya a sake gwadawa. Ya gyaru, to kati ne. A nemi mai alamar A1, wanda alkawarinsa karatu 1,500 ne a warwatse cikin sakan, ko A2 mai 4,000, domin emuleta tsinto ƙananan ƙulli yake yi nan da can, lambar MB da aka rubuta a jikin kwali ta karatu a jere ce. Bai gyaru ba alhali ISO yana tafiya lafiya, sai a sake juya wannan gem ɗin ba LZMA, ko a bar shi ISO shi kaɗai.

Sani Mai Gyara:
Kafin ma a zuba komai a sabon kati, a gwada shi da H2testw a Windows ko F3 a Linux. Katin jabu yakan nuna GB 128 alhali cikinsa 16 ne ko 32. Kwafi zai tafi kamar lafiya, sunaye da girma duk su bayyana daidai, amma abin da ya haura ainihin cikinsa ba ya nan. ISO a irin wannan katin zai iya tashi ya je ya mutu a tsakiyar wasa, CHD kuma ya ƙi buɗewa ko ya tsaya da kuskure, sai a ce matsi ne ya lalata shi. Gwajin kati mai GB 128 yana cin sa'o'i, domin sai ya cika shi tab ya sake karantawa, kuma katin ya kasance fanko kafin a fara.